Na Ɗora wa Tsatso Laifina

Anti mai shawara, ki taimake ni. Na yi aikin da ya fi ƙarfin wayona, wanda dama can bai taka kara ya karya ba.

Matata ta rasu bara. Abin da ta bari mai rai, ban da ni da 'yarmu, shi ne wardi guda a tsohon bokitin fenti a bakin taga. Yarinyar shekararta sha uku, ita ke ba shi ruwa kafin ta tafi makaranta, har hira take yi masa. Da ya yi fure sai na ga tsatso, ƙwaron nan mai almakashi a wutsiya, ya shige tsakiyar furen yana gaigayar gefensa. Ni kuwa gwani, na sayo maganin feshi. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, rubutun kwalbar kuma kamar sawun tururuwa. Na ce in murfi ɗaya magani ne, ai rabin kwalba waraka ce. Na fesa masa, kwana biyu ganyen ya ƙone ƙurmus.

Da ta tambaye ni, bakina ya riga ni, na ce tsatso ne. Yanzu kullum da safe sai ta bi tukwanen tsakar gida tana ɗagawa, takalmi a hannu, tana farautarsa, hawaye na zuba ba sauti. Ni da ke sa unguwa dariya na kasa haɗa ido da ita. Gaskiya take bi na, ina kuma tsoron in na biya, ta rasa uwa, ta rasa fure, ta daina ganin girmana.

Likitan Fure

Malam Likita, Allah ya jiƙan maiɗakinka. Tsatso ba waliyyi ba ne, yana cin gefen fure da garin da ke tsakiyar furen. Amma yakan cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye, kuma da wuya ya kashe shuka. Jiƙaƙƙiyar jarida a naɗe a gindin shukar ta isa tarko, da safe a kakkaɓe ta nesa.

Niyyarka mai kyau ce, ƙaryar ce ta ɓata ta. Zaunar da yarinyar yau, ka faɗa mata, ban da barkwanci. Za ta yi fushi, haƙƙinta ne, ka bar ta ta yi. Bayan nan ku kankare reshen da farce tare. In akwai kore a ciki, ku datse ƙonannen, ku sauya ƙasa. In babu, kada ka sayo wani a ɓoye ka musanya, ka bar ta ta zaɓi abin da za ku shuka.

Allah ya raya maka ita, ya ba ku dangana.