Farin Hankicin Malama

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya karatun jinya, ya kewar gida? Mu nan lafiya lau. Ciwon bayan Inna ya yi sauƙi, Baba yana gaishe ki.

Yaya, an ƙwace hodar da kika bar mini, mai kalar fatata. Kin san sabuwar makarantarmu ta hana kwalliya. Akwai wata da muke kira Malama Hankici, don duk Litinin tana tsayawa a bakin ƙofa da farin hankici tana goga wa kowace yarinya a kunci. In ya fito da kala, sai famfo. Wata biyu ina tsallakewa, saboda kuncin dama take gogawa, ni kuwa na hagu kaɗai nake shafa wa, inda tabon ruwan zafin yake. Litinin ɗin nan rana ta dame ta, sai ta koma ɗaya gefen ƙofar, ta goga mini a na hagu.

Ta sa na wanke fuskata duk layi na kallo, ta zazzage jakata ta ɗauke hodar. Kafin a tashi, sunana na firamare ya dawo: Taswira. Wata har da tambayata wai ina babban birnin yake. Ban yi kuka ba sai a banɗaki.

Ke kaɗai zan iya gaya wa: tun da na fara shafa hodar nan nake ɗaga hannu a aji. Sau huɗu na fita gaban allo a darasin lissafi, mutane suna kallon allon, ba kuncina ba. Don Allah ki aiko mini da wata.

Ki gaida abokan ɗakinki.
Ƙanwarki, Auta.

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ya jiki, ya gajiyar asibiti? Wasiƙarki ta iso. Kin ce in yi haƙuri in bi doka. Ki ji abin da ya biyo baya tukuna.

Shugabar makaranta ta kira Inna. A gabanta Malama ta ce duk yarinyar da ta fara shafe-shafe tun aji ɗaya, samari take nema. Ni, Yaya! Ni da ko mai shago ba na iya haɗa ido da shi. Inna ta sunkuyar da kai tana ta ba da haƙuri. Sai da muka zo ƙofar gida ta ce da ba ta ajiye tukunyar ruwan zafin nan a ƙasa ba, da duk wannan bai faru ba. Shekara goma ke nan, ashe abin yana ranta.

Sun ba ni takarda in karanta a taron safe ranar Juma'a. In na ƙi, korar mako biyu, kuma a cikinsu za a yi jarrabawa. Layin farko ya ce na karya doka. Wannan gaskiya ne. Na biyu ya ce na yi kwalliya ne don in jawo hankalin mutane. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Don a daina kallona na yi.

Abin ya tsaya mini a rai, har na yi ƙarfin hali na tambayi maƙwabciyarmu mai aikin ofis me ya sa take shafa hoda. Ta ce ranar duk da ta je haka, sai kowa ya yi ta yi mata sannu da jiki. Gwaggo mai ɗinki kuwa, da na tambaye ta, harara ta watso mini, ta ce fuskarta ce ko tawa? Amsarta ta fi yi mini daɗi.

Baba ya ce in karanta kawai, ai layi ɗaya ne. Ina tsoron korar ƙwarai. Amma in na faɗi layin nan da bakina, Inna za ta ɗauka da gaske ne.

Ki yi mini addu'a.
Taki, Auta.

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Barka da war haka, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Kowa a gida yana gaishe ki.

Juma'a ta zo ta wuce. Na hau dandamali ba komai a fuskata. Na karanta layin farko, na ba da haƙuri. Da na zo na biyu sai na naɗe takardar. Na juya musu kuncin hagu sosai, na ce ga abin da nake rufewa, kowa ya kalla ya ƙoshi yau, don na gaji da satar kallo. Na ce ban shafa don kowa ya dube ni ba, kuma ba zan karanta abin da ban yi ba. Har na bayan layi sun ji ni.

Wata ta yi dariya, ba wanda ya taya ta. Malama ta buɗe baki, Shugaba ta ɗaga mata hannu. Ba a kore ni ba. Sharar aji aka ba ni ta mako guda, hodar kuma sai ƙarshen zango. Har yanzu akwai masu ce mini Taswira. Jiya na ce wa ɗaya ta matso in nuna mata garinsu.

Da na ba Inna labari, ta daɗe tana shafa kuncin nan da tafin hannunta. Rabon da ta taɓa wajen har na manta.

Zan bi dokarsu daga Litinin zuwa Juma'a. Asabar da Lahadi fuskata ce. Ki aiko da hodar, zan shafa ranar da na ga dama. Ki haɗo da jan baki, ja sosai, irin wanda ake hangowa daga nesa.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.
Ƙanwarki mai kewarki, Auta.