Ni Na Buɗe Kular Allurar Matata

Assalamu alaikum Admin, da duk masu bin wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma sunayen da za ku gani a nan duk canza su na yi. Na san akwai masu zagi a cikinku, ni kaina na sha zagin wasu a nan ina dariya, yau ga shi ta zo kaina. Roƙona ɗaya, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don abin ya fi ƙarfin kaina, kuma kwana biyu kacal suka rage mini.

Ni mutumin Potiskum ne, shekarata arba'in da ɗaya, ina da shagon kayan gyaran Keke Napep a bakin titi. Matata, zan kira ta Hajara, shekararmu goma sha biyu da aure, 'ya'yanmu uku. Mahaifiyarta Bafulatana ce, don haka tana jin Fillanci sosai, ni kuwa in an wuce gaisuwa an bar ni a baya. Shekara biyu da suka wuce wata ƙungiya ta zo neman matan da za a koya wa yi wa dabbobi allurar rigakafi. Hujjarsu ita ce awaki da tumaki da kaji a ƙauye na mata ne, a cikin gida suke, namiji kuwa ba zai shiga gidan mutane ya kama akuyar matar aure ba. Hajara ta gama sakandare, ta nemi izinina, na bar ta. Kada in yi muku ƙarya, da alfahari na bar ta. Har a majalisa nake cewa matata likitar dabbobi ce, alhali ba likita ba ce. Kuma ta iya aikin. Rugagen da ba a taɓa yarda da allura ba, duk ta shige su, matan Fulani suna kamo mata awaki da hannunsu, wasu har suna tambayarta yadda za su sa 'ya'yansu mata a makaranta su zama irinta.

To ina matsalar ta fito? Daga ni ta fito. Suna da shugaba a wurin aikin, wani matashi da suke kira Dakta, mai mota da fararen kaya. A gidana ba a minti goma ba a ce "Dakta ya ce" ba. Sai kuma wayar nan. Za a kira ta, ta juya harshe zuwa Fillanci, ta yi ta ƙyaƙyata dariya, ni ina zaune da tuwo a gabana kamar baƙo. In na tambaya ta ce, "Mutanen ruga ne, Abban Amira." Mutanen ruga ne ke ba mutum dariya haka? Wata rana tana wanka na ɗauki wayarta na bincike ta kaf. Ban ga komai ba sai hotunan awaki masu majina. Mai hankali da nan ya tsaya ya yi istigfari. Ni sai zuciyata ta ce ai gogewa take yi.

Akwai wani abokina, Modu, irin mutanen nan da ba su taɓa ganin abu mai kyau sun bar shi ya zauna lafiya ba. Na yi kuskuren faɗa masa. Ya taɓe baki ya ce, "Kai ma dai. Wace mai wayo ce za ta bar abu a wayar da miji ya sani? Waya ta biyu ake yi." Na ce a ina za ta ɓoye ta, ni da na san kowane lungu na ɗakinta? Ya ce, "Mene ne a gidan ta hana ka taɓawa?"

Wallahi yana faɗa na ga kular a idona. Wata shuɗiyar kula ce mai igiyar ratayawa, a ciki ake zuba kwalaben allurar da robobin ƙanƙara, don maganin ba ya son zafi ko kaɗan. In za su fita da asuba, tun ranar jajibiri take karɓowa daga ofis, daga hannun mai kula da firjinsu, wata Yagana, ta kawo gida ta ajiye a ƙuryar ɗaki. Kuma kullum maganarta ɗaya ce: "Don girman Allah kar kowa ya buɗe kular nan. Ko kai, Abban Amira." Da can ina jin maganar a matsayin dokar aiki. Daga ranar sai "ko kai" ɗin nan ta tsaya mini a wuya. Ko ni? A gidana?

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar zafin bazara, kun san zafin Potiskum ba sai na yi bayani ba. Ta karɓo allurar da hantsi saboda washegari za su rugagen da ke bayan Gadaka. Bayan azahar ta tafi gaisuwar mutuwa, yara suna gidan ƙanwata. Na rufe shago na dawo gida kamar ɓarawo. Na fito da kular baranda don in ga haske, na buɗe, na fiddo kwalaben ɗaya bayan ɗaya na jera a kan siminti, na fiddo robobin ƙanƙarar. Ba waya, ba wasiƙa, ba komai. Kun san abin da na yi? Sukudireba na ɗauko ina zungurar gefen kular ko akwai wani aljihu a ɓoye. Ina cikin haka direban da ya ɗauko mini kaya daga Kano ya kira, ya ce in ban zo yanzu ba zai wuce da su Damaturu. Na ce wa kaina minti goma ne, barandar ma da inuwa. Na fita. Aka yi ta rigima da masu sauke kaya, wani kwali ya ɓata, aka yi la'asar, sai a sahun salla abin ya faɗo mini. Da na dawo rana ta juyo ta cika barandar. Na taɓa kwalba ɗaya na ji ta kamar kofin shayi.

A nan ne laifina na gaskiya yake, don buɗewar wauta ce, abin da ya biyo baya kuwa da sanina na yi shi. Na san abin da ya kamata: in jira ta, in ce Hajara ga abin da na yi, a zubar da wannan a karɓo wani. Amma sai ta ce me kake nema a ciki? In ce me? In ce waya nake nema wadda kike magana da Dakta? Matar da ta haifa mini uku, ta yi jinyar mahaifiyata har ta rasu a hannunta? Na kasa. Na tafi can wata unguwa inda ba a san ni ba sosai, na sayo ƙanƙarar leda wurin masu zoɓo, na lulluɓe kwalaben da robobin har suka yi sanyi, na zubar da ledojin a bola, na goge komai, na mayar yadda na gani na rufe. Da ta dawo gab da magariba ta shafa jikin kular kawai, ba ta buɗe ba, don ita tana bin dokar.

Washegari ta dawo da yamma a gajiye amma da fara'a, har da ƙwaryar nono da aka ba ta. Tana cire takalmi ta ce, "Ƙanƙarar Yagana ta yi saurin narkewa yau. Firjin nan nasu ya fara wasa, sai na yi magana." Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da danna wayata.

Na yi ta lallashin kaina cewa wataƙila maganin bai lalace ba. Sati ya wuce, wata ya wuce, har na fara mantawa. Sai bayan ruwan farko ciwon awakin nan mai zawo da majina ya shigo yankin, wanda dominsa aka yi allurar. Rugagen da sauran matan suka yi wa allura, awakinsu suka tsaya da ƙafarsu. Rugage ukun da Hajara ta yi wa ranar Juma'ar nan, awaki suka yi ta zubewa.

Wata tsohuwa daga ɗaya daga cikin rugagen nan, Goggo Dija, ta hau mota tun daga can ta zo har gidana. Ina nan. Ta zauna a tabarma a tsakar gida, ta ƙi shan ruwa, kuma da Hausa ta yi maganar, ban sani ba ko don ni ne. Ta ce, "'Yata, mazanmu sun ce kar mu yarda, mace ba ta iya allura. Ni na tsaya miki. Ni na shiga gida gida na ce a kamo. Awakina goma sha ɗaya, saura biyu. Da su zan kai jikata makarantar kwana. Ban zo faɗa ba. Na zo ki gaya mini me zan gaya wa mata." Hajara ta durƙusa a gabanta tana kuka. A ranar na gane muryar da take sa matata dariya a waya. Muryar tsohuwar nan ce. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, amma ko a nan bakina bai buɗe ba. Na tashi na ce zan nemo wa Goggo Napep.

Yanzu ga inda aka tsaya. An dakatar da Hajara, an dakatar da Yagana. Sabbin matan da aka ce za a ɗauka a horar a bana, an ce a dakata tukuna. A rugagen nan ko mai allurar yara aka gani da kula in mace ce, sai a ce ta juya. Ƙungiyar ta kafa kwamiti, kuma tambayarsu ɗaya ce: maganin a ofis ya lalace ko a hannun Hajara? Ita Hajara ta san ba ta buɗe ba, don haka zarginta duk yana kan Yagana da firjinta. Matan da suke cin abinci a kwano ɗaya, yanzu in sun haɗu a hanya kowa sai ta kau da kai. Yagana kuwa mijinta ya rasu, marayu huɗu take riƙe da wannan aikin.

Makon jiya sai ga ta a shagona. Ta gaishe ni a ladabce ta ce, "Baban Amira, ka yi wa matarka magana. Na rantse da Allah da sanyinsu na ba ta kwalaben nan, ina rubuta sanyin firjin nan safe da yamma. Kwana suka yi a gidanku. Ni ban ce komai ba, amma kwana suka yi a gidanku." Ta tsaya tana kallona. Me take nufi? Wani ya gaya mata ne? Tun ranar ban ƙara yarda da kowa ba. In Modu ya yi dariya da wani a majalisa sai in ga da ni suke. Na daina bin unguwar da na sayi ƙanƙara. Maƙwabciyarmu da katangarta ke kallon barandarmu in ta ce "ina gajiya" sai in yi ta juya maganar har in isa shago. Ni da na fara da zargin mutum ɗaya, yanzu duk garin nake zargi.

Ita kanta Hajara ban gane mata ba. Ba ta canza mini fuska ba, tana dafa abinci, tana yi mini sannu da zuwa. Amma sau biyu ke nan tana tambayata, kamar da wasa, "Ranar nan da na je gaisuwa, ba wanda ya shigo gidan ko?" Na ce babu. Ta ce, "Kai ma ba ka dawo ba?" Na ce ina shago, kayana suka iso, ki tambayi kowa. Ta ce to. Wannan "to" ɗin na rasa wace iri ce. Ta yarda ne, ko jira take in gama ƙaryata?

Jibi Talata kwamitin zai zauna. Sun ba ta takarda ta rubuta bayaninta, ta rubuta cewa daga lokacin da kular ta shigo gidanmu har ta fita ba wanda ya buɗe ta. A ƙasa akwai wurin sa hannun shaida, wanda suke zaune gida ɗaya. Yau da safe bayan yara sun tafi Islamiyya ta ajiye takardar a gabana da biro, ta zauna nesa kaɗan. Na miƙa hannu da sauri don in gama in huta, sai ta ɗora yatsanta a kan takardar ta ce, "Abban Amira, ka karanta sosai tukuna. In ka sa hannu ni na fita, Yagana ce za ta tafi. Ni ban taɓa jin ka yi ƙarya a kan wani ba, shi ya sa na ce musu kai ne shaidata." Ta ɗauke yatsan, ta tashi ta shiga kicin.

Na ce mata na makara, sai na dawo. Takardar tana aljihuna yanzu haka da nake rubuto muku daga shago. In na sa hannu, aikin matata ya dawo, aurena ya zauna, marayu huɗu su rasa abinci a kan abin da hannuna ya yi, kuma matan rugar nan su ci gaba da cewa mace ce ta kashe musu awaki. In na faɗi gaskiya, dole in faɗi abin da nake nema a cikin kular, a gabanta, a gaban Yagana, a gaban Daktan da bai san ma ina zarginsa ba. Awakin zan iya saye in biya ko da shagon zai tafi. Amma wace mace ce za ta ji mijinta ya zarge ta da wannan, ya kalle ta tana kuka a gaban tsohuwa ya yi shiru, sannan ta ci gaba da zama da shi? Ina son matata, wallahi ina son ta, kuma ina tsoron ranar da zan tsaya a gaban Allah da sa hannun nan.

Jama'a, ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni amsa, don anjima zan koma gida kuma za ta tambaye ni takardar. Me zan yi?