Zanen da ke Bayan Motar Kifi

Gashuwa, 4 ga Maris, 1996

Zuwa ga mai zanen motoci na bakin tasha, Nguru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ka yi haƙuri da wasiƙar wadda ba ka sani ba. Sunana Yakaka, ina koyarwa a firamare nan Gashuwa.

Jiya a kasuwa wata motar busasshen kifi ta tsaya a gabana. Ina ɗaga ido na ga zanen da ke bayanta, sai kwanon hannuna ya suɓuce. Goriba ce ta sunkuya kan kogi, aradu ta ƙone mata reshe ɗaya, ga kwalekwale mai facin jan kwano, ga mace da tulu a kafaɗa maimakon a kanta. Malam, gidanmu ne. Matar nan mahaifiyata ce, tun tana budurwa wuyanta ba ya ɗaukar kaya. Goribar kuwa ambaliya ta tafi da ita tare da gidan, yau shekara ashirin.

Direban, Sabitu, ya ce aikinka ne, shi zai kawo maka wannan. Don Allah a ina ka ga wurin nan? Me ya sa kuma ka rubuta KALLI a ƙasa?

Ka huta lafiya.
Yakaka


Nguru, 11 ga Maris, 1996

Malama Yakaka,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa, ya ɗalibai? Wasiƙarki ta ba ni dariya, ki yafe ni. Sunana Zakir, ɗan marigayi Alhaji Lawal mai kifi. Asalinmu Kano, a Nguru aka haife ni, ƙafata ba ta taɓa taka Gashuwa ba.

Duk abin da ke hannuna na san inda na samo shi. Gidanmu yana bakin layin dogo, da gawayi na fara zana taragu a jikin katanga, shi ya sa har yau nake jan layi ba ruwana da ma'auni. Shekara shida na yi a Kano wurin maigidana, can na koyi rubutu da haɗa fenti, da zanen zaki da mikiya. Cunkoson Kano kuma ya shige ni, ba na iya barin kusurwar mota babu komai.

Ruwan nan ne kawai ban san inda na tsince shi ba. Tafkinmu na Nguru a kwance yake, nawa kuwa kullum gudu yake yi ƙarƙashin gaɓa mai tsayi. Maigidana yakan ce, “Kai dai kowace mota sai ka jiƙa ta!” Na zana goribar nan ya fi sau talatin.

Kalli kuwa ai Hausa ce, Malama, ina kiran masu wucewa su kalla. Sai dai tun da kin tambaya, in na gama zanen nakan ji kalmar a kunnena da muryar mace, tana jan ƙarshenta.

A gaida mutan gida.
Zakir


Gashuwa, 15 ga Maris, 1996

Malam Zakir,

Sallama da gaisuwa.

A wajenmu Barebari Kalli suna ne. Sunan ƙanena ne, da Iya take tsayawa a kan gaɓa tana kira, tana jan ƙarshensa. Yana da shekara huɗu, a yunwar saba’in da uku, aka tura ni daji tsintar goriba. Na dawo aka ce kogi ya ci shi. Ba a ga gawa ba. Shekarata tara a lokacin, kuma sai yau na tambayi kaina yadda kogin da ya kusa ƙafewa a shekarar ya iya cin mutum.

Ban faɗa wa Iya komai ba tukuna. Ta tsufa, idonta ya yi rauni. In mahaifiyarka tana raye, ina roƙonka ka tambaye ta ranar da ta haife ka.

Wassalam.
Yakaka


Nguru, 29 ga Maris, 1996

Malama,

Assalamu alaikum. Da farko yaga wasiƙarki na yi. Na ce wata ce kawai baƙin ciki ya taɓa. Kwana huɗu ina fushi, sannan na shiga wurin Hajiya Suwaibatu, wadda na tashi ina kira uwa. Tana tsintar shinkafa. Na ce cikin wasa, “Hajiya, wai wace unguwarzoma ce ta karɓe ni?”

Ta ajiye faifan. Ta ce, “Wa ya zo daga Gashuwa?”

Wallahi ban ambaci Gashuwa ba. Na zauna a ƙasa.

Ta ce Alhaji ya je Gashuwa sayen kifi a shekarar yunwar, ya dawo da yaro duk haƙarƙari a waje, naɗe cikin zanen mace. Ita kuwa shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa. Wata uku ina kuka da yaren da ba ta ji, har na daina. Ta ce ranar da ta fara ganin goribar a jikin katangarmu, da kanta ta ɗebo ruwa ta wanke, washegari na sake zanawa.

Yau mako biyu ban taɓa fenti ba. Mota uku suna jira a bakin rumfa. In na ɗauki buroshi sai in rasa hannun wa nake riƙe da shi. Ki tambayi taki tsohuwar: sace ni aka yi?

Zakir


Gashuwa, 3 ga Afrilu, 1996

Ɗan’uwana,

Gaisuwa, da addu’ar Allah ya sanyaya maka. Ban san da wane suna zan kira ka ba.

Ba a sace ka ba. Na zauna gaban Iya na kwatanta mata zanen, tun daga goriba har tulun. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Yana da ƙiba?”

Na ce, “Iya, kin sani?”

Ta ce, “Ni na miƙa shi.”

A wata ɗaya ta binne ƙannenmu biyu, mahaifinmu ya tafi neman abinci bai dawo ba tukuna. Ta ga kai ma ka fara kumburin ƙafa. Ta bi mai kifin har bakin mota ta ce, “Tafi da shi inda ake dafa abinci.” Ya ba ta buhun gero ta ƙi karɓa, don kada a ce sayarwa ta yi. Ta dawo ta ce wa kowa kogi ne, har mahaifinmu ya rasu yana yi maka addu’ar mamaci.

Shekara ashirin da uku ina tsoron ruwan nan, ban taɓa barin ’ya’yana su je wanka ba. Na yi wa Iya tsawa, Allah ya yafe mini. Jiya ta sa na kai ta tasha, motar Sabitu tana nan. Ba ta ganin zanen, sai ta bi shi da tafin hannu, ta daɗe a kan matar mai tulu. Ta ce in gaya maka ba ta neman ka zo, don ba ta da bakin nema.

Ni ina nema.

Yayarka,
Yakaka


Nguru, 9 ga Afrilu, 1996

Yaya Yakaka,

Assalamu alaikum. Muna tafe ranar Asabar a motar Sabitu. Hajiya ta ce ƙafarta ƙafata, wai amana aka ba gidanta, ita za ta kai da hannunta. Tun jiya take kuka tana ɗaure tsaraba. Ku shimfiɗa tabarma biyu.

Abu ɗaya. Ba na jin Barbarci ko kalma. Ki tare ni a tasha ki koya mini yadda ɗa yake gaida uwarsa, kafin mu isa ƙofar gida.

Sai mun zo.
Ƙaninki