Ɓerayen Rakiya da Gwiwata

Tawa, daren Alhamis, tsakiyar damina

Rakiya ta kira daga Faransa bayan la'asar. Sai yau ɗiyata ta bayyana mini aikinta. Wai da gangan suke raunata gwiwar ɓeraye, su zuba ido su ga yadda guringuntsin ke cinyewa, ko a samo maganin sanyin ƙashi.

Na ce, "Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ɗora ƙafar tumaki a Tebaram, ni na haifi mai karya ta ɓera?"

Ta yi dariya irin ta mahaifiyarta. Sai na tuna lokacin da nake hawa babur har Kalfu da jakar allurai, makiyaya na miƙewa suna cewa likitan dabbobi ya iso. Yau takardun shaidata gara ke ci a akwati, ba mai tambaya.

"Baba, taka gwiwar fa? In ajiye karatun in zo?"

"Lafiya lau take. Zauna ki ƙare."

Ban gaya mata wata biyu ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba, a ɗaki nake salla a zaune. Gobe Juma'a. Na gaji da ɓuya, zan ɗauki kujera in tafi masallaci.