Hular Embong a Kan Filogi

Tafkin Kenyir,
ran Talata.

Zuwa ga ƙanwata Kalsom,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna. Ya ƙafar tata, ta daina kumbura? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Embong, ya sa kwanciya hutu ce. Matata Rokiah tana gaishe ki, har da kuka a gaisuwar tata.

Kin kashe wayarki tun ranar addu'ar bakwai, shi ya sa na koma takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya shekara talatin yana riƙon filaya ba ya jin maganar biro.

Som, Inna ta gaya wa Rokiah ba kya cin abinci. Wai kin ce ke kika kashe mijinki, don kin cika masa ciki da shinkafar nan ta nasi dagang da safen ranar, har kin ƙara masa kifi da romon kwakwa, ya shiga ruwa da nauyin ciki ya kasa fitowa. Haba Som! Embong fa? Mutumin da tun muna yara zai share kwano biyu ya tsallake kogin Marang da iyo, ya dawo yana tambayar ko an rage ƙanzo? Na san matan tashar jiragen ruwa sun yi ta faɗin haka ranar jana'iza, wai ba a shiga ruwa da ƙoshi. Bakinsu ne, ba ya gajiya. Don Allah ki ci wani abu.

Kin aiko in turo miki hularsa. Tana nan inda ya bar ta. Kin san al'adar tashar nan: duk wanda zai nutsa ƙarƙashin jirgi sai ya zare filogin jirginsa daga turken wutar gaɓa, ya kifa hularsa a kai, don kowa ya san da mutum a ruwa, kada a mayar. Kuma ba mai cire hular sai mai ita, in ya fito. To har yau ba wanda ya iya kai mata hannu. Wan Ngah, mai jirgin da ke kusa da naku, ya ce shi dai a nemi wani. Ni ma na je sau biyu na tsaya na juyo. Ruwan sama ya dake ta, rana ta dake ta, ta koɗe.

Akwai wata magana da take hana ni sukuni, amma ba zan faɗe ta da ka ba sai na shiga jirginku da mitar gwajin wuta na auna. Ban iya shiga ba tukuna.

Ki gaishe da Inna. Ki ce mata maganin shafawar yana hanya.

Yayanki,
Jusoh


Tafkin Kenyir,
ran Laraba ta sama.

Ƙanwata Kalsom,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta Inna. Mu nan jiki lafiya. Wannan takardar ki karanta ta ke kaɗai, a zaune.

Jiya na shiga jirgin.

Kin tuna kafin ƙaramar Sallah da Embong ya matsa mini in saka masa inbata? Baƙinsa masu kwana a jirginsa a tafki suna ƙorafin ƙarar janareta, wai tana korar musu kifi da barci. Ya zo har shagona ya zauna a kan kujerata, ya ce, "Injiniya, in ba ka saka mini abin nan ba, wallahi in mayar maka da ƙanwarka, ka ci gaba da ciyar da ita." Na ce masa, "Maido ta mana, mu ga wa zai riƙa dafa maka abin da kake tura wa tumbin nan." Haka muka yi ta yi har na ɗauki jakata na bi shi.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane, don ina so ki gane sosai. In jirgi yana ɗaure a tasha, wutar gaɓa yake sha ta wannan doguwar waya. A cikinta akwai wata koriyar waya wadda aikinta ɗaya ne: in wuta ta zurare ta taɓa ƙarfe, ita ke kwashe ta ta kai gaɓa, sai makatsin da ke jikin turke ya faɗi, wuta ta yanke. Shi kuma inbata daga batir yake ba da wuta, kuma na jona shi yadda da an zare filogin gaɓa zai karɓi aiki da kansa, ko fitila ba za ta ƙifta ba. Embong ya ji daɗin wannan ƙwarai. Ya yi ta zarewa yana mayarwa yana dariya kamar yaro.

Abu biyu ya kamata in yi ban yi ba. Ya kamata in haɗa koriyar wayar da inbatan shi ma, don in an zare filogi kada ta zama igiyar da ba ta ɗaure da komai. Ya kuma kamata in saka masa nasa makatsin a cikin jirgi. Ranar na je garin Kuala Berang ban samu irin wanda nake so ba, baƙi kuma suna zuwa washegari. Na ce masa mako mai zuwa zan dawo in ƙarasa. Ya ce, "Mako mai zuwan naka ko na mutane?" Som, wata huɗu aka yi. Kullum sai na wuce ta gaban jirginku.

Har ya taɓa gaya mini makatsin gaɓa yana yawan faɗuwa in firizar kifi ta tashi. Na ce masa turken ne ya tsufa kamar mai jirgin. Muka yi dariya. Ashe abin yana ta kiran sunana ne, ni kuwa ina ba'a.

Jiya na kawo batir nawa na jona, don naku sun mutu. Filogi yana waje, hularsa a kai, komai yadda ya bar shi. Na ja firizar na leƙa bayanta, sai ga waya ɓera ya ci, tana manne da ƙarfen da aka ɗaure firizar da shi, ƙarfen nan kuwa shi ne ya bi ta gefe har tsanin da ake sauka ruwa. Na ɗora bakin mita ɗaya a tsani, ɗaya a sandar farfela, na zauna ina jira. Da firizar ta tashi allurar ta yi tsalle. Wasu ƙananan kifaye uku suka taso kusa da tsanin, ciki sama. Wan Ngah yana tsaye a kaina ya ce, "Jusoh, mene ne wannan?" Na miƙa hannu na cire kan batir.

Ruwan tafki ba kamar na teku ba ne. Wuta ta fi son bin jikin mutum a kan bin ruwan daɗi. Ba ta ƙonawa, ba ta barin tabo, tana dai riƙe hannu da ƙafa ne har mutum ya sha ruwa. Shi ya sa likita ya ce nutsewa ce, kuma bai yi ƙarya ba.

Ki duba abin da ya fi ci mini rai. Embong bai yi ganganci ba. Igiya ta naɗe farfela, ya zare filogi, ya kifa hula, ya sauka, yadda ubansa ya koya masa, yadda kowa yake yi a nan tun aka kawo wuta tashar. Da can in ka zare, jirgi ya mutu. Ni na mayar da shi jirgin da zarewar ce take tashinsa, kuma ban gaya wa kowa ba, don ni kaina ban tsaya na yi tunanin ba. Da ya bar filogin a jone ma, da makatsin gaɓa ya faɗi, da yanzu yana nan yana zagina.

Ba shinkafarki ba ce, Som. Ko da azumi ya shiga ruwan nan, abin da zai faru ke nan. Ni ne.

Na yi tunanin in gyara a ɓoye in yi shiru. Ba zan ɓoye miki ba, na yi tunanin sosai, aikin awa biyu ne, kuma Wan Ngah ba zai gane abin da ya gani ba. Amma sai in tuna kina can kina ramewa a kan laifin da yake nawa. Ga kuma wasu jirage uku da na yi wa irin wannan haɗin. Jiya na bi su ɗaya bayan ɗaya na cire wayar inbatan, masu su suna ta tambaya ina cewa sai Juma'a. Ran Juma'a bayan an sauko zan tsaya a gaban mutanen tasha in faɗa. Na so ki riga su ji, kuma daga hannuna.

Ban ce ki yafe mini ba, ban ga bakin da zan faɗa da shi ba. Ke na goya na kai makaranta, shi kuma tare muka koyi iyo. Ku biyun nan nake da su, kuma ina jin na rasa ku a rana ɗaya.

Ki ci abinci, don girman Allah.

Yayanki,
Jusoh


Tafkin Kenyir,
ran Lahadi, bayan mako uku.

Kalsom,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, da Inna da kowa.

Rokiah ta dawo jiya ta ba ni labari. Ta ce ta tarar da ke a madafa kina kankare kwakwa, kin ɗora nasi dagang, kin zuba kin ci har kin ƙara. Ta ce fuskarki ta fara dawowa. Na shiga bayan shago na yi kuka, na gode wa Allah.

Ta kuma isar da saƙonki yadda kika faɗe shi, don na ce kada ta rage komai. "Ki ce wa mijinki na karanta. Ki ce masa kada ya zo. Ya aiko mini da hular." Na ji. Tun kina koyon magana ban taɓa jin kin kira ni da wani suna ba sai Yaya, amma na ji, kuma ba zan zo ba sai ran da kika ce.

Na faɗa wa mutanen tasha. Wasu sun tashi sun bar wurin, wasu ba sa amsa gaisuwata, ban ga laifinsu ba. Jiragen nan uku na sake musu haɗi, na saka makatsi, na gwada a gaban masu su. Yanzu kafin a nutsa sai a zare filogi, a kashe inbata, a cire kan batir, sannan a kifa hula. Wan Ngah ne ya rubuta haka da jan fenti a jikin kowane turke. Naku ma na gama shi ran Alhamis. Awa biyu ya ɗauke ni, Som, har da shan shayi.

Yau da hantsi na je wurin filogin. Na daɗe a tsaye. Muddin hular tana kai, ko'ina na juya a tashar nan sai in ji kamar yana ƙasa yana kwance igiya, yanzu zai ɓullo yana furzar da ruwa ya ce, "Injiniya, miƙo wuƙa." Ashe shi ya sa duk muka kasa taɓa ta.

Na yi bisimilla na cire. Ga ta nan cikin ƙunshin, ban wanke ba. Filogin kuma na mayar da shi jikin turke da hannuna, tunda ba kowa a ruwa.

Ki gaishe da Inna.

Jusoh