Ciyawa na Tsaye a Fako, Shanu na Faɗuwa a Gari

Zuwa ga Mai Girma Daraktan furojen gyaran fako, ofishin Tawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ina gajiya, ina kuma zafin bazara? Allah ya ba mu wucewarsa lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Ibro Mahamadu, daga wani ƙauye a arewacin Takanamat. Ni ne shugaban kwamitin tsaron fakon da furojenku, wato shirinku na raya ƙasa, ya gyara mana. Na yi ta zarya zuwa ofishinku har mai gadi ya san tarina, kullum kuma amsar ɗaya ce, kana taro ko ka tafi Yamai. Lambar wayar da aka ba ni ta daina shiga. Shi ya sa na fito da maganar fili, ba don raini ba, don ba ni da sauran lokacin zaman benci.

Bari in tuna maka mafarin abin, domin na san ƙauyukanku da yawa. Fakon da ke bayan garinmu ƙasa ce da ta mutu tun ina yaro, ko ƙaya ba ta fitarwa. Kuka zo kuka ce za a iya tayar da ita. Mazan gari suka fasa tafiya bida, wato cin rani, a shekarar, muka haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwan sama da diga da shebur, muka watsa irin ciyawa, muka dasa itatuwan dakwara. Kun biya mu haƙƙinmu, ba mu da ƙorafi a nan. Da aka gama, wakilinku ya ce a wasu garuruwa dabbobi sun cinye aikin tun bai kama ƙasa ba, saboda haka yana son alkawari mai ƙarfi. Aka tara gari gaban maigari da liman. Na yi alwala, na ɗora hannu a kan Alƙur'ani a madadin kowa, na rantse ba kofaton da zai taka wurin, ba laujen da zai taɓa shi, sai ranar da furoje ya dawo ya duba ya ce an buɗe. Wakilinku ya ce damina biyu ce. Biyun sun wuce, ta uku ma ta wuce, ba mu sake ganin ƙurar motarku ba.

Yau ciyawa a fakon nan ta kai ƙugun babban mutum. Ta bushe tana tsaye, ni kuma ina tsaye a bakinta da sanda.

Magana ta farko, amsar da aka ba ni. Zuwana na ƙarshe, wani matashin ma'aikacinku, Allah ya yi masa albarka, ya zaunar da ni ya ba ni ruwa ya yi mini bayani. Ya ce furoje bai mutu ba, an dakatar da shi ne. Masu ba da kuɗin suna ƙasashen waje, tattalin arzikinsu ya durƙushe tun lokacin annoba, yanzu ya fara miƙewa amma ƙafarsa ba ta tsaya ba. Suna tsoron tsadar kaya ta dawo, suna tsoron bashin da ya yi wa gwamnatocinsu katutu, suna tsoron wani yaƙi ya ɓarke man fetur ya sake tashi. Don haka sun riƙe hannu sai sun ga inda duniya ta dosa. Na tambaye shi yaushe za su gani. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce shi ma albashinsa a can yake rataye.

Ban ƙaryata shi ba, domin ni ma ina da rediyo. Da safe in ji an ce duniya ta farfaɗo, kasuwanni sun yi fara'a. Kafin la'asar wani masani ya fito ya ce a yi hattara, ana iya komawa gidan jiya. Har na daina kawo wa mutanen gari labarin, don sun fara ce mini Ibro mai farfaɗowa. Na fahimci mai dukiya ya ji tsoro. Ni ma in ban san yadda damina za ta kasance ba, ba na taɓa rumbu. Abin da ban fahimta ba shi ne, me ya haɗa tsoronsu da ciyawarmu? Ciyawar ba daga Turai aka kawo ta ba. Ruwan Allah ne da guminmu.

Magana ta biyu, kada a ɗauka wannan rawar ƙafa ta duniya labarin rediyo ce kawai a wurinmu. Ta riga ku isowa. Da can in rani ya matsa, mutum ya kora sa ɗaya zuwa kasuwar dabbobi ta Tawa ya sayi dusa ya ceci sauran. Yanzu fataken Najeriya sun yi ƙaranci, sun ce kuɗinsu ya lalace, in sun canja shi ba ya sayen komai. Dillali ya taya maka sa kamar yana zaginka. Dusar kuwa ta yi tsadar da sai dai ka shinshina ka wuce, mai shago ya ce kuɗin mota ne, mai mota ya ce tsadar man gazuwal ce. Samarinmu da ke aikin gini a Aljeriya, yau a ce aiki ya tashi, gobe a ce mai ginin ya dakata yana kallon kasuwa. Kowa a duniyar nan yana jiran wani ya fara motsawa. To, mu ne a ƙarshen layin, kuma bayanmu babu kowa sai dabbobi.

Magana ta uku ita ce ta hana ni sukuni. Ina da yaya, Hadiza, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Mijinta ya rasu, ɗanta yana cikin waɗanda gininsu ya tsaya, jikoki suna hannunta. Saniya ɗaya gare ta, da nononta ake dama furar gidan. Saniyar nan yanzu ba ta iya tashi da kanta, sai an taru an ɗaga ta ta wutsiya. Makon jiya na hangi Yaya Hadiza ta nufo fako da igiya da lauje, tana tafe tana hutawa. Na sha gabanta. Ban san da wane baki na ce mata ta koma ba, amma na faɗa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, "Ibro, kai ka yi rantsuwa, sanuwata ba ta yi ba." Ta juya da igiyarta babu komai. Ranka ya daɗe, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yau ban iya shiga gidanta ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Makiyayan da ke sauka kusa da mu sun girmama rantsuwar nan fiye da yadda na zata, suna kewaye wurin da garkensu suna kallona. Haƙurinsu kuwa yana da iyaka. A cikin gari an rabu biyu. Wasu sun ce a buɗe. Wasu sun ce wakilinku ya faɗa da bakinsa cewa garin da ya karya alkawari za a cire shi daga rabon rijiyar da za ku haƙa in kuɗi sun dawo. Ana gardama a kan rijiyar da ba wanda ya san ko za a haƙa ta, har an fara daina gaisawa a masallaci.

Ga shi kuma hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Kai ma ka sani, ruwan farko in ya sauka a kan busasshiyar ciyawa, ta kwanta ta ruɓe. Ba dabba ta ci, ba furoje ya gani.

Saboda haka ga roƙona. Ba kuɗi nake nema ba, na san ba su a hannunka. Ka turo mutum ɗaya, ko a kan babur ne, mu za mu zuba masa mai, ya duba wurin ya ce an buɗe. In hakan ya gagara, ka aiko wa maigari da saƙo da bakinka cewa mu yanka ciyawar da lauje, mu bar dakwarar, kuma ba za a hukunta gari ba. In kuma gaskiyar ita ce furojen ya mutu, ka faɗa mana ya mutu. Mun saba da ta'aziyya, jiran gawar da ba a kawo ba ne ke gajiyar da mu.

Ina kuma sanar da kai, don kada ka ji a bakin wani. In Juma'a mai zuwa aka sauko daga masallaci ban ji daga gare ka ba, zan ajiye sandata in shiga fako da lauje, damin farko kuma gidan Yaya Hadiza zan kai shi a kaina. Laifin nawa ne ni kaɗai, kada a ɗora wa gari. Na tambayi liman hukuncin wanda ya karya rantsuwa. Ya ce in ciyar da miskinai goma, in ba ni da hali in yi azumin kwana uku. Na duba rumbuna, na ce masa azumin zan yi. Bana ba zai yi mini wuya ba, mun riga mun saba.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah ya kwantar da hankalin masu ba ku kuɗi, ya daidaita musu kasuwanninsu. Mu kuma ya ba mu damina mai albarka, ya yafe mini abin da nake shirin yi.

Wassalam.

Naka,
Ibro Mahamadu,
Shugaban kwamitin tsaron fako, yankin Takanamat.