Batirin rediyon Inna

Yaya Abdu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ya Abijan, ya Hadiza da yara? Mu nan Madawa lafiya lau.

Rediyon da ka aiko wa Inna, batirinsa na caji ya raunana. In ta sa kaset ɗin gaisuwarka, muryarka takan yi nauyi har ta ɗauke. Na kai shi Tawa da takardar garanti, mai shago ya ce sai inda aka saya ake canzawa, kuma babu irinsa.

Inna ta ƙi yarda batir ne. Kullum sai ta ce, "Rabi, yaron nan ba shi da lafiya, kuna ɓoye mini." Na rasa yadda zan yi.

Ka gaida kowa, ka sa mu addu'a. In da hali, ka zo ta gan ka.

Ƙanwarka,
Rabi